Allurar Ido: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin Gwamnati, shafin nan ya saba ɗaukar kukanmu game da kuɗin abinci da ƙarancin ɗakunan kwana. Yau muna roƙon Edita ya ba mu aronsa domin maganar wata 'yar kwalba mai jan ruwa, wadda baƙo in ya gan ta a kan teburin likita ba zai dube ta sau biyu ba, alhali kuwa ganin iyayenmu da yawa a kanta ya rataya. Muna nufin aidin, wanda akan ɗiga wa mutum a ido kafin a yi masa allura a cikin ƙwayar idon. Ra'ayinmu, tun da fari, shi ne a asibitocin ƙasar nan aidin ya kamata ya zauna a matsayin gwani na farko, sauran magungunan tsabtace ido su biyo bayansa, kuma kada a kuskura a soka wa kowa allura a ido ba tare da an sa masa ɗaya daga cikinsu ba, ko da shi da bakinsa ya roƙa.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan magana ya faru ne a hutun da ya wuce. Ɗaya daga cikinmu ya raka kawunsa, wani tsohon malamin firamare wanda ciwon sukari ya daɗe yana ɗawainiya da shi, zuwa wani asibitin ido domin a yi masa allura ta uku. Da suka fito, dattijon yana dafe da ido, hawaye na zuba, sai ya ce, "Ɗana, ita allurar ba ta dame ni ba, cizon sauro ma ya fi ta. Jan ruwan nan ne azaba, sai ka ce an watsa mini barkono. Wani da muka zauna layi tare ya ce in na komo in gaya musu jinina bai haɗu da aidin ba, za su ƙyale ni." Ɗan'uwan namu ya ce, "Kawu, a ƙara haƙuri, bari in koma makaranta in tambaya tukuna." Da ya dawo muka shiga ɗakin karatu, muka kuma matsa wa abokanmu na sashen koyon aikin likita da tambaya. Abin da muka tarar ya sa muka ga lalle shawarar mutumin layin nan ta fi ƙarfin a bar ta ta ci gaba da yawo a bencin asibiti.

Bari mu fara da ita allurar, domin mun san da yawa daga cikin masu karatu tsigar jikinsu za ta tashi da jin cewa ana soka wa mutum allura a ido yana farke. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri wanda hoton duk abin da muke kallo yake faɗawa a kansa, likitoci suna ce da shi retina. Ciwon sukari idan ya daɗe a jiki yakan raunana ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da tantanin nan, su riƙa yoyo, tsakiyarsa ta kumbura, har mutum ya kasa karatu ko ya kasa shaida fuskar ɗansa. Tsufa ma yakan kawo irin wannan, haka kuma toshewar hanyar jini ga masu hawan jini. Akwai magungunan da ke tsai da yoyon, amma ɗigo ko ƙwaya ba su iya kai su can bayan ido yadda ake bukata. Tilas sai an bi ta farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin, an zuba abin da yawanci bai wuce mililita 0.05 ba, watau kimanin ɗigo guda, a cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai wanda ya cika ƙwayar ido.

Wannan hanya ba tsohuwa ba ce. A 2004 aka amince da Avastin a Amurka domin ciwon dajin hanji, a 2005 kuma Dokta Philip Rosenfeld na birnin Miyami ya gwada shi a cikin ido, ya ga kumburi ya sauka. Lucentis ya fito a 2006, Eylea a 2011. A 2011 ɗin ne kuma wani babban gwaji da Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ya nuna cewa Avastin, wanda a lokacin kuɗin allurarsa guda kimanin dala 50 ne, yana gyara gani daidai da Lucentis mai kusan dala 2,000. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ta haka maganin ya iso ƙasashe irin tamu. Masu bukatarsa kuwa ƙaruwa suke yi: Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma za su kai miliyan 55 a 2045, kāna kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon yakan sami taɓuwar tantanin ido.

To, masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin allurar nan bai kai kaurin silin tsintsiya ba, amma ga ƙwayar cuta ƙofar gari ce. Ruwan cikin ido kuwa ba shi da hanyoyin jinin da za su kawo masa dakarun kare jiki da gaggawa, ga shi da ɗumi, saboda haka ƙwayar da ta faɗa ciki ta sami gona ba mai tsaro. Cikin kwana biyu zuwa biyar sai ido ya yi ja, ya ɗauki ciwo, mugunya ta taru a ciki, gani ya dushe. Wannan shi ne ruɓewar cikin ido, kuma wani lokaci ko an ceci ƙwayar idon ba a ceto ganin, wani lokaci ma sai an cire idon ɗungurungum. Ba kasafai yake faruwa ba. A 2011 Dokta Colin McCannel na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya tattara rahoton allurai 105,536, ya sami ruɓewa 52, watau kusan ɗaya cikin 2,000. Amma fa a tuna, allurar nan ba sau ɗaya ake yin ta ba. Akan fara da wata-wata, wani ya shekara biyu ko uku yana zuwa. Wanda aka yi wa sau 20, in muka bi wancan lissafi, hatsarinsa ya tashi daga ɗaya cikin 2,000 ya koma wajen ɗaya cikin 100. Wanda ya ci jarrabawar lissafi ta aji uku ya san wannan ba abin rainawa ba ne.

Daga ina ƙwayoyin suke fitowa? Mu dā mun ɗauka daga ƙazamar allura ne, ko daga ƙurar ɗaki. Ashe mafi yawansu a jikin majinyacin suke zaune. A 1991 Dokta Mark Speaker da abokan aikinsa a Niyok suka gwada ƙwayoyin da aka zaƙulo daga cikin idanun da suka ruɓe bayan tiyata da waɗanda ke kan fatar ido da hancin masu idanun, suka tarar cikin mutum 17, a 14 iri ɗaya ne sak. Ke nan kowannenmu, komai tsabtarsa, komai yawan alwalarsa, yana ɗauke da su a gindin gashin ido da kan farin idon, ba su cutar da shi muddin suna waje. Allura ce ke tura su ciki. Saboda haka duk rigimar ta taru a wuri guda: da me za a share 'yar farfajiyar nan kafin allura ta ratsa ta?

A nan ne aidin ya shigo, kuma wajibi ne mu rarrabe, domin sunan ɗaya ne amma kwalaben sun bambanta. Aidin ɗin da muka sani tun muna firamare, wanda malamin disfensare kan dangwala mana a gyambo mu yi ta tsalle, an narkar da shi ne cikin sifirit, kuma in ya shiga ido ƙona shi zai yi. Shi sinadarin wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois ya gano shi a 1811 cikin tokar ciyawar teku, amma sai a 1955 wasu masana biyu masu suna Shelanski a Filadelfiya suka ɗaure shi da wani sinadari mai riƙe shi yana sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ruwa. Wannan haɗi shi ne fobidon-aidin, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Betadine. A 1984 Leonard Apt da Sherwin Isenberg suka nuna cewa in an ɗiga mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a ido, yawan ƙwayoyin da ke kansa yakan ragu da kashi 91 cikin 100. A 1991 Speaker da Menikoff suka bi sawun tiyatar ido fiye da 8,000 a wani asibitin Niyok: a ɗakunan da ake sa fobidon-aidin an sami ruɓewa 6 cikin kowace 10,000, a waɗanda ake sa tsohon maganin azurfa kuwa 24. Har a nahiyarmu an jarraba shi, domin a 1995 aka buga sakamakon wani gwaji a Kenya kan jarirai 3,117, inda mai ƙarfin kashi 2.5 ya fi magungunan da aka saba ɗiga wa jarirai hana ciwon idon haihuwa, ga shi kuma ya fi su araha nesa ba kusa ba.

Da wannan tarihi ne taron ƙwararrun Amurka a 2014 da na Turai a 2018 suka tsaya a kan magana guda: kashi 10 cikin 100 a kan fatar ido ta waje in za a goge ta, kashi 5 a kan farin idon, a bar shi ya zauna aƙalla sakan 30, kuma ya zama shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa wurin kafin allura. Kowace gaɓa ta wannan ƙa'ida tana da dalili. An gwada sakan 15 an ga bai isa ba. Idan aka fara shafa maganin kashe zafi mai kauri kamar man shafawa kafin aidin, sai ya zama garkuwa ga ƙwayoyin, aidin ya kasa kai gare su. Idan kuma bayan an sa aidin majinyaci ya ƙifta har gashin ido ya shafi wurin, aikin ya koma baya, shi ya sa ake sa ƙarfen da ke riƙe fatar ido a buɗe. Wani abin da ya ƙara masa daraja shi ne yana kashe ƙwayar cuta ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, saboda haka duk tsawon shekarun nan da ake aiki da shi ba a sami ƙwayoyin ido sun koyi jure masa ba.

Yanzu sai mu komo kan kukan Kawu, domin kuka ne na gaskiya, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba a ji shi ba. Aidin yana da raɗaɗi. Yakan busar da fuskar ido, ya bar mutum yini guda yana jin kamar an zuba masa yashi, kuma wanda ake yi wa kowane wata ya fi kowa sanin haka. Amma raɗaɗi daban, ƙin jini daban. Aidin kansa yana cikin jikin kowane ɗan Adam, da shi wani ƙullutu da ke maƙogwaro yake aiki, rashinsa ne ma ke kawo maƙoƙo, wanda ya sa tun shekarun 1990 doka ta wajabta zuba shi cikin gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Mutumin da ya ci tuwo da miya jiya ya ci aidin. Waɗanda jikinsu ke yin bore in sun ci jatan lande, wani sinadari ne na naman yake tayar musu, ba aidin ba. Akwai 'yan ƙalilan ainun waɗanda jikinsu bai yarda da haɗin fobidon ɗin ba, kuma likita yana da hanyar tantance su. Sauran duk raɗaɗi ne, shi kuwa yana da magani: a ƙara ɗigon kashe zafi tun farko, a wanke idon sosai da ruwan gishiri na asibiti bayan an zare allura, a ba mutum ɗigon da ke jiƙa ido ya tafi da shi gida.

Abin da ke faruwa in an bi shawarar mutumin layi kuwa, an riga an gani. A 2016 wata ƙungiyar likitocin Amurka masu binciken ciwon idon sukari ta buga lissafin allurai 28,786 da aka yi a ƙarƙashinta. An sami ruɓewa 11. Daga cikin alluran nan duka, 13 ne kawai aka yi ba aidin, ga mutum biyu, kuma dukansu biyun sai da ido ɗaya ya ruɓe musu. Biyu cikin 13 a gefe guda, tara cikin fiye da 28,000 a ɗaya gefen. Mutum biyu ba su isa a kafa doka da su ba, mun yarda, amma sun isa su hana mai hankali yin caca da idon kawunsa.

Akwai abokin takara, kuma ba za mu tauye masa haƙƙinsa ba. Sunansa kuloheksidin, wanda kamfanin ICI ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1950. Idan aka tsinka shi cikin ruwa zalla, ba sifirit ba sabulu, ya koma kashi 0.05 ko 0.1 cikin 100, ana iya wanke ido da shi, kuma likitocin Suwidin sun daɗe suna yin haka kafin aikin yanar ido. A 2016 Dokta Rohan Merani da abokansa a Ostareliya suka kawo rahoton allurai 40,535 da aka yi da shi, ruɓewa uku kacal. Majinyatan da suka ɗanɗana duka biyun kuma mafi yawansu sun ce ya fi aidin sauƙi a ido. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsohon da azaba ta sa ya daina zuwa allura, ciwon sukari zai cinye masa ido ko ba ƙwayar cuta. Saboda haka muna goyon bayan kowane asibitin ido ya tanade shi domin wanda aka tabbatar aidin ba ya karɓarsa. Taron Turai na 2018 ma matsayin da ya ba shi ke nan.

Amma da a ɗora shi a gaban aidin a asibitocinmu, a nan muka ja daga. Hujjar da ke bayansa yawancinta daga waiwayar tsofaffin takardun asibiti ne a 'yan ƙasashe kaɗan masu wadatar kayan aiki, kuma tun da cutar ba ta cika aukuwa ba, kafin a raba gardama tsakanin magungunan biyu ta hanyar gwaji na ƙa'ida sai an tara dubun dubatar allurai. Sa'an nan shi ma yana da nasa masu ƙin jini, na gaske kuwa, har Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. Ruwansa da aka tsinka in ya daɗe a buɗe wasu ƙwayoyin cuta sukan rayu a cikinsa, abin da ya sha jawo ɓarkewar cuta a asibitoci.

Babban tsoronmu dai shi ne ruɗanin kwalba, kuma wannan tsoro yana da tushe a ƙasar nan. Kuloheksidin iri-iri ne. Akwai na wanke hannun likita mai kashi 4 haɗe da sabulu, wanda tun shekarun 1980 aka san yana lalata gilashin gaban ido in ya shiga. Akwai na goge fata mai sifirit. Akwai Savlon da ke gidajenmu, wanda aka haɗa da wani sinadarin wanki da ido ba ya ɗauka. Akwai kuma na cibiyar jarirai mai kashi 7.1, magani mai albarka wanda ya ceci rayuka da yawa a inda aka sa shi a cibiya, amma ƙarfinsa ya ninka na ido fiye da sau arba'in. A 2015 aka sami labarin jarirai a Nijeriya waɗanda aka ɗiga wa shi a ido bisa kuskure, domin kwalbarsa ta yi kama da ta ɗigon ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa cewa an sami irin wannan kuskure fiye da sau 40 a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara, wasu yaran har sun makance. A wurin da za a ce sai mai haɗa magunguna ya auna ya tsinka da hannunsa, kuskuren ɗigo ɗaya a rubutun lissafi ya isa ya mai da kashi 0.1 ya zama kashi 1. Aidin kuwa lissafinsa ko ɗan aji biyu ya iya: rabin kwalba na mai kashi 10, rabi ruwan gishiri mai tsabta, an sami kashi 5. Ga shi da launi. Likita yana ganin inda ya kai da inda bai kai ba, nas tana gani, ɗan rakiya ma in an bar shi ya leƙa zai shaida an sa. Ruwan da sau da yawa ba a bambanta shi da na randa ba ya ba da wannan shaida.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata mu rabu da ita, mu majinyata da likitocinmu baki ɗaya, watau ɗigon antibayotik na kwana uku ko biyar bayan allura. A shekarun farko kusan kowane likita yana rubuta shi. Daga baya aka ƙirga. Asibitin ido na Wills da ke Filadelfiya ya duba allurai 117,171 a 2014, bai ga ɗigon ya rage ruɓewa ba ko kaɗan. Wasu binciken kuma suka nuna cewa maimaita shi wata-wata yana kashe ƙwayoyi masu rauni ne ya bar masu taurin kai su gaje wurin, ta yadda ranar da cuta ta shiga da gaske maganin da za a nema ya riga ya zama ruwa. Mun san halin mutanenmu. Wanda ya fito daga wurin likita ba takardar sayen magani gani yake an raina shi, sai ya biya ta kemis ya sayo da kansa. Kuɗin nan da an bar su a aljihu sun biya motar dawowa allura ta gaba.

Wani abu ma da ba ya cin ko kwabo shi ne shiru. A cikin lissafin McCannel, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin da aka gano irin na cikin baki ne, kuma su ne suka fi saurin hallaka ido. Daga numfashi da feshin yawun mai magana suke sauka. Saboda haka ƙa'idar ita ce likita da nas su sa takunkumi, ko kuwa kowa ya kama bakinsa, har da majinyacin. Mu da gaisuwarmu ba ta ƙarewa, ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da zafin nan, wannan zai yi mana nauyi, kuma dattijo zai iya ɗaukar shirun likita a matsayin girman kai. Sai a gama gaisuwar tun a bakin ƙofa, a ɗora daga inda aka tsaya bayan an rufe idon.

Gaskiya ɗaya tilas mu faɗa, don kada a ce mun mai da aidin laya. Yana share bakin ƙofa ne kawai, ba ya tsarkake abin da ke cikin sirinji. Kwalbar Avastin guda ta miligiram 100 ce, ido kuwa miligiram 1.25 yake bukata, saboda haka akan rarraba kwalba ɗaya ga mutane da yawa, arahar tasa ma daga nan ta fito. In aka yi rabon a wuri marar tsabta, kowa ya samu. A 2011 mutum 12 a yankin Miyami suka kamu daga rabo guda, bakwai daga cikinsu aka cire musu ido. A watan Satumba na 2023 gomman masu ciwon sukari a lardin Punjab na Pakistan suka sami mummunar illa a ido ta irin wannan hanya, har hukuma ta dakatar da maganin na wani lokaci. Idan haka ta faru a Amurka, to mu da wutar lantarkinmu ke zuwa tana ɗaukewa a kan firjin magani sai mu ƙara sa ido.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin Tarihi ko akawun Ma'aikatar Lafiya da duk wannan? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Likita ba ya ɗiga abin da ba ya cikin sito, abin da ke shiga sito kuma ta hannun irinmu yake bi. Ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta "aidin, kwalba hamsin" a takardar oda ya tsaya nan, ya buɗe wa ɗan kwangila ƙofa ya kawo duk wanda ya fi masa riba, ko mai sifirit, ko mai kumfa na wanke hannu mai kashi 7.5, kuma ba ɗayansu da ya halatta ya kusanci ido. A rubuta sunan a cike, da ƙarfinsa, da cewa na ruwa zalla ake nufi. A fifita ƙananan kwalabe a kan galan guda da za a yi wata shida ana tsiyaya, domin shi kansa fobidon-aidin an taɓa samun ƙwayar cuta a cikin kwalbarsa, kamar yadda ya faru a asibitocin Niyok a 1980. A rubuta ranar da aka buɗe kowace kwalba. Kuloheksidin na ido kuma a ware masa wurinsa da tambarinsa, nesa da na cibiya da na wanke hannu. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa na jami'o'inmu su ne ke horar da waɗanda za su riƙe alluran nan gobe, kuma muna fatan ɗaliban cikinmu da za su bi ta hannunsu su fito da ƙa'idar sakan 30 a zuci kamar karatun allo.

Mu 'yan rakiya kuma aikinmu yana farawa ne bayan an koma gida. Ɗan jan jini a wurin da allura ta shiga, da jin yashi-yashi na yini ɗaya, da ganin 'yan ɗige-ɗige suna yawo, duk an saba da su, kuma kullum raguwa suke yi. Abin tsoro shi ne wanda ke ƙaruwa: ciwo mai zurfi a kwana na biyu ko na uku, ja yana yaɗuwa, fatar ido ta kumbura, haske ya zama abin gudu, gani ya fi na jiya dushewa. Wanda ya ga haka a koma da shi asibitin a ranar, ko Juma'a ce ko Lahadi, ko da dare ne. Kada a tsaya kemis, kada a sa kwalli, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari irin yadda akan yi wa ciwon Afolo, domin a wannan cuta sa'o'i ake ƙirgawa, kuma maganinta wata allurar ce ta antibayotik a cikin idon, wani lokaci har da tiyata.

Kawu dai ya koma allura ta huɗu. Ɗan'uwan namu ya roƙe shi ya faɗa wa likita gaskiya, cewa raɗaɗi ne ya dame shi. Likitar ta ƙara masa ɗigon kashe zafi, ta daɗe tana wanke idon bayan an gama, ta kuma ce ya riƙa jiƙa shi da ɗigo har dare. Ya ce barkonon ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba. Tun da ya ji maganar sakan 30 kuma, da carbinsa yake shiga ɗakin, da zarar jan ruwan ya sauka sai ya fara ja a zuci ba tare da ya motsa baki ba, kuma ya gaya wa likitar kada ta ɗauki allura sai ya kai talatin da uku.